Tsoho da Makullin Morris

Ina zaune a wani gareji a unguwar Damilu, ana yi wa keken da na hau faci. Ga wani tsoho da hular Barno tsaye gaban Morris, motar Ingila ta zamanin Turawa. Ba taya, ba gilashi, kaji na kwance a kujera. Yana goge ƙofarta da hannun riga. Allah Sarki, ina jin ita ta fito da iyalinsa lokacin gudun hijira.

"Baba Laminu, motan ai ba ya tafiya," in ji makanikin. "Injin mun ba mai niƙa a Ngurore."

"Ajiya na ba ka, Manasseh."

Tsohon ya ciro makulli daga aljihu, ya kulle ƙofar, ya ja ta ya tabbatar, sannan ya tafi.