Ranar da Muka Ƙi Kallon Dokin Surukina

Shekaru sun ja, amma ranar da ƙungiyarmu ta masu manyan dawaki ta zauna a kan ingarman surukina ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a Dutse, na sayi goɗiya don sha'awa, na shiga ƙungiyar. Mahaifin matata ne shugaba, dattijo tashin ruga, wanda magana ba ta dame shi ba. Shi ya kafa dokar cewa duk bayan kaka sai an zagaya da kowane ingarma gaban 'yan ƙungiya kafin a ba da shi baye, wato hawan goɗiyoyi. In aka samu aibin da ke bin jini, dandaƙa ce hukuncinsa, ko na wane ne.

To, shi yana da wani ƙaton ingarma akawal, baƙi wuluk, wanda da hannunsa yake ba shi dusa da kanwa. Shi ya hau goɗiyata, sai ga duƙushi da gwame. Ashe ba ni kaɗai ba ne, daga Kiyawa har Garki ana ta ƙus-ƙus. Amma wa zai faɗa? Ni da ko ido ba na haɗawa da shi, sai na ɓoye duƙushina a bayan gida, matata tana yi mini tsiya wai na shiga jego.

Ranar zama muka hallara a gindin tsamiya, ana zagayawa da dawaki, ana gardama ana shewa. Wallahi ina kewar wannan hayaniyar. Da aka fito da akawal kuwa, kowa ya kau da kai. Wani ya shiga gyaran hula, wani yana zane a ƙasa da tsinke, ni kuma na ƙura wa takalmina ido. Can wani ya ce ai dokin Alhaji ba ya buƙatar dubawa.

Surukina ya bi mu da kallo, ya tsaya a kaina.

"Malam, yaya ƙafar ɗan goɗiyarka?"

Na ce, "Baba, da sauƙi."

Ya jinjina kai. "Tun da nake, ban taɓa ganin mai doki ya ƙi kallon doki mai kyau ba. Na ji hukuncinku."

Ya tashi ya karɓi ragama, ya daɗe yana shafa wuyan dokin, sannan ya miƙa shi ga mai dandaƙa. Bai jira ba, ya kama hanyar gida a ƙasa, yana goge ido da bakin rawani. Babu wanda ya iya bin sa.

Allah ya ji ƙansa, har ya rasu bai sake ɗaure ingarma ba. Mu a ranar mun ɗauka girmama shi muke yi. Sai daga baya na gane cewa kunyar da ta hana ka faɗa wa babba gaskiya ba ta rage masa komai. Barin tsoho muka yi ya yanke wa abin da yake ƙauna hukunci shi kaɗai.