Jiniyar da Kawu Burama Ya Hana

Kawuna Burama Jara ya ƙare ƙuruciyarsa a can ƙasan Faraba, jirgin ruwan fasinja mai tashi daga Kulikoro zuwa Gawo, yana iza wa tukunyar tururi wuta. Fasinja ba su ma san da shi ba. Wanda suka sani Namori Tarawure ne, mai jan igiyar jiniya. In ya busa, sai 'yan mata su ruga bakin kogi da soyayyen kifi, ana ta "Namori ya iso!" Kawu kuwa yana ƙasa, gumi har ido.

"Numfashin nawa ne, kirarin nasa," in ji shi. Abin nan ya ci masa rai har tsufa.

Da motoci suka kwashe fasinja, aka jingine Faraba a gaɓa, awaki suka mai da shi gida. Ɓarayin ƙarfe na fara zagaye, Kawu ya kwance jiniyar tagullar ya tura ƙarƙashin gadonsa.

Bana matasan gari suka kafa ƙungiya, suka kankare tsatsa, suka yi fenti, suka samo injin iska da zai hura jiniya. Aka ce ranar buɗewa Namori ne zai ja igiya. Shi da kansa ya zo roƙon Kawu ya ba da jiniyar, yana dogara sanda. Jara da Tarawure dama abokan wasa ne.

"Kai bawana, maci wake, fito da ita!"

"Bawan wa? Je ka busa da bakinka, ai shi ka iya."

"Haba Burama, don Allah. Sau ɗaya kafin mu mutu."

"To ni zan ja."

"Ka iya ne? Busata mutane suke son ji."

Nan Kawu ya rufe ƙofa. Na yi magiya har na gaji, ko gezau, kuma wallahi na ji haushinsa.

Matasan suka rasa yadda za su yi, suka ɗaura hon ɗin tsohuwar babbar mota. Ranar buɗewar, Kawu ya sha shaddarsa ya tsaya gaba-gaba don ya ga abin kunya. Namori ya ja. Faraba ya yi "fam-fam" kamar motar gawayi, jama'a suka tuntsire da dariya. Namori ya saki igiyar, ya durƙusa ya rufe fuska.

Na juya in ga murnar Kawu, sai na ji ya daka tsawa.

"Wane ɗan banza ne ya yi wa jirgina wannan wulaƙanci?"

Na ce, "Kai ne, Kawu."