Sunan da Bakin Baba Ya Iya Ɗauka

Babana mai in'ina ne, kuma aikinsa fassara. Kada ku yi dariya, an riga ku. Shekara da shekaru yana zaune a lungun wata ƙaramar maɗaba'a, bayan injin yankan takarda, yana mayar da Turancin mutane Hausa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: duk jimlar da ta sarƙe masa a harshe, soke ta yake yi.

Sai maigidansu ya ɓullo da ɗan littafin mako-mako mai nuna abin da ake yi a gari, su ƙwallo, wasan kwaikwayo, baje koli. Na Turanci yana tafiya, na Hausa ko kallo bai ishi kowa ba. Ɗan maigidan ne ya liƙa masa suna, wai "Jagorar Al'amuran da Ke Gudana a Birni". Haba! Wa zai iya kiran wannan a bakin titi?

Maigida ya ce, "Malam, gobe ka kawo suna, ka faɗe shi da bakinka a gaban masu talla. In bai shiga kunnensu ba, na rufe na Hausa, kai ma ka huta."

Ranar Baba bai taɓa abinci ba. Yana ta kai-komo a tsakar gida, yana gwada suna yana watsarwa. Inna ta ce, "Ka rubuta musu a takarda mana." Ya girgiza kai kawai.

Washegari na rufe shagona na bi shi, don hankalina ya ƙi kwanciya. Masu talla sun cika ɗakin, kowa da jakarsa a kafaɗa. Baba ya miƙe. Leɓensa ya kama rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, babu abin da ya fito. Wani ya ja tsaki. Ɗan maigidan ya duba agogo. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi.

Baba ya dafa tebur, ya ja numfashi.

"Fito Ka Gani."

Wata mai talla ta maimaita a hankali. Sai ta leƙa ta taga ta kwarara shi, har mai gyaran takalmi na tsallaken titi ya ɗago kai. Maigida ya juya ya ce da mai inji a canja bango.

Yanzu duk mako, in muka zo mahaɗar hanya masu talla na kiran sunan, Baba yakan tsaya. Leɓensa na bin su, ba ya sarƙewa ko kaɗan.