Ɗakin Dutsen da Kaka Ta Ƙi Shiga

Da hantsin wata Asabar, a shekarar da ruwan kwari ya share mana bukkoki, Baba ya sauke dutsen farko daga bayan jaki a tsakar gidanmu. Ina aji uku a lokacin. Kaka, mahaifiyarsa, tana tankaɗe a bakin murhu. Ta dubi dutsen, ta dube shi, ta ce, "Isa, halas, an gama ke nan? Mun fasa tafiya?" Baba ya kora jakinsa ya koma ɗebo wani.

Garinmu ɗan ƙarami ne a gindin duwatsun gabashin Sudan, inda aka taɓa haƙar zinariya har ta ƙare. Abin da ya rage sai ramuka, da duwatsun niƙan mutanen da, da kangon Turawa mai wani inji da tsatsa ta cinye. A nan muke kiwon awaki in an tashi makaranta, mu yi langa a farfajiyar kangon, mu jefa tsakuwa a babban rami muna kasa kunne, ba mu taɓa jin faɗuwarta ba. A ramin nan Kakanmu ya yi aiki. Da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa shi da Kaka za su Makka, ya ce bari ya ɗan taɓa aiki su ƙarasa. Nan aka binne shi.

To mu a unguwarmu ba a gini. Zana, kara, buhu, shi ke nan. Wanda ya ɗora dutse kan dutse ya ajiye niyya, mu kuwa matafiya ne, ko da an haifi uba da ɗa a wuri ɗaya. Kaka ta fi kowa riƙo da wannan. Takan ja kunnena ta ce, "Kai mijin banza, in ka girma kai za ka tsallakar da ni bahar, ka kai ni Makka." Ni kuwa in ce sai ta fara yin haƙora.

Baba bai saurari kowa ba, ya gaji da tsamo tabarmi a laka. Muka yi ta jidar duwatsun kangon har ɗaki ya tashi. Wallahi na yi murna, ban taɓa jingina da abin da ba ya motsi ba. Kaka kuwa ko inuwarsa ba ta zama. Sanyin duwatsu ya sauko, tana nan a rumfar buhunta tana tari, Inna ta yi magiya har ta gaji. Da zazzaɓi ya gusar mata da hankali, Baba ya sungume ta ya shigar da ita. Washegari ta farfaɗo, ina riƙe da kofin kunu. Ta miƙa hannu ta shafa bangon, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "Ashe mun zauna." Ba ta yi faɗa ba. Ba ta kuma sake ambaton Makka ba har ta cika, a satin nan. Ban yi kuka ba, na tuna dai an aike ni shayar da awaki, na je na shayar.

Daga baya muka tsallako Jidda, Baba ya yi mata aikin Hajji. Yau ina haya a unguwar Sharafiyya, ina sabunta iƙama, takardar izinin zama, kamar kowa. In na ga dama bayan la'asar sai in ce wa yara yalla, ku taso mu yi magariba a Harami. Su suna ta latsa waya a mota, ni ina kallon duwatsun hanya, ina jira in ji wani abu a ƙirjina, shiru. Ita da ta yi rayuwa tana so ba ta zo ba. Ni da na zo, har yau ban san yadda ake jin isowa ba.