Inda Kano Ke Gumi

Ƙamshin gurasa ne ya tuno mini da marigayi kawuna jiya. Zuwana Kano na farko na ce, "Kawu, ku kai ni Dutsen Dala." Sai ya goya ni a keke zuwa ƙofar masaƙar da yake aiki a Bompai, ya saya mana gurasa mai ƙuli da yaji. Jiniya ta kaɗa, ma'aikata suka kwararo, auduga fara fat a kawunansu.

Ya ce, "Dala ba zai gudu ba. Baƙo ya fara ganin inda gari ke gumi."

An rufe masaƙar tuntuni. Amma gobe jikata za ta zo, kuma can zan fara kai ta, ko da kwaɗon ƙofa za ta gani. Allah Ya sanyaya makwancinku, Kawu.