Ranar Da Hajiya Falmata Ta Mayar Da Motar Mai Sayen Kaji

Cikin shekarun da na yi ina aikin lafiyar dabbobi, ranar da har yau ba ta fita raina ba ita ce ranar da aka kira ni gonar kajin Hajiya Falmata. Kun tambaye ni abin da na lura da shi a wajen mutanen da suka yi nasara a harkar kiwo. Maimakon in tsaya jera muku halaye, gara in ba ku labarin wannan rana, ku tsinci abin da za ku tsinta.

A lokacin ina mataimakin jami'in lafiyar dabbobi a Kazaure. Ga wanda bai san tsarin ba, akwai likitan dabbobi na shiyya, shi ne mai ikon rufe gona ko ba da umarnin hallaka dabbobin da suka kamu da cuta mai yaɗuwa. Mu muna ƙarƙashinsa. Mu ne masu yawo a babur, mu yi allurar rigakafi, mu duba abin da ya kwanta, mu kai rahoto. Mutanen gari likita suke ce mana duka, mun gaji da gyarawa mun ƙyale.

Hajiya Falmata iyayenta mutanen Barno ne, amma ita a Kazaure ta tashi. Da 'yan kajin gida ta fara, tana kai wa masu shayi ƙwai. A lokacin da nake ba ku labari, gonarta da ke kan hanyar Roni babu kamarta a yankin, ƙwanta kuwa har Gwiwa da Babura ake kai shi. Ƙanenta Bukar ne manaja. Duk da haka kowace safiya sai ta zaga ɗakunan kajin da ƙafarta kafin ta zauna. Ba ta da yawan magana, amma tambaya ba ta ƙare mata.

Wata safiya a lokacin sanyi, azumi ya gabato, ta kira ni a waya da kanta. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam Habu, in da hali ka zo yanzu. Kajin ɗakin ƙarshe ba su yi mini ba."

Da na isa, na tarar da babbar mota a bakin ƙofa, an ɗora mata kwanduna babu komai ciki. Ta wani Alhaji ce, ɗan kasuwa daga Babura, wanda ke sayen kaji yana tsallakawa da su Nijar. Kajin ƙwai in sun tsufa ƙwansu ya ja baya, sayar da su ake yi a ci nama, da kuɗin kuma a zuba sababbin 'yan tsaki. Ranar ce aka yi da shi zai kwashe tsofaffin kajin ɗakuna biyu. Hajiya ta ce ya dakata a waje har in duba.

Na sa takalmin roba da safar hannu na shiga ɗakin ƙarshe. Abin da na fara ji shi ne shiru. Ɗakin kaji masu lafiya ba ya shiru. Wasu sun mutu cikin dare, an tara su a kusurwa. Na ɗaga ɗaya bayan ɗaya: kai ya kumbura, jan naman da ke kansu ya koma shuɗi-shuɗi, ƙafafu kamar jini ya kwanta a ƙarƙashin fata. Waɗanda ke da rai sun takure, ba ci ba sha. Na tambayi rigakafi, aka ce babu wanda aka tsallake, kuma na sani, don da yawa ni na yi.

Na fito na wanke hannu. Hajiya tana zaune a kan kujerar roba ƙarƙashin dalbejiya, Bukar yana tsaye a gefenta.

Ta ce, "Faɗa mini yadda yake. Kada ka tausasa."

Na ce, "Hajiya, ba ni da hurumin yanke hukunci sai an yi gwaji. Amma abin da idona ya gani ya yi kama da murar tsuntsaye."

Bukar ya yi salati. Ita kuwa ta ce, "In ita ce, me doka ta ce?"

Na yi mata bayani. Zan sanar da likitan shiyya, a ɗauki samfuri a aika ɗakin gwaji. Kafin sakamako ya dawo za a rufe gonar, ba shiga ba fita, ko ƙwai ɗaya. In ta tabbata, duk kajin da ke gonar za a hallaka, masu ciwo da masu lafiya, a binne, a yi feshi, a bar wurin ya huta.

"Har waɗanda ke ɗakunan gaba?"

"Har su, Hajiya."

Nan Bukar ya matso ya rage murya. Ya ce, "Yaya, ki saurare ni. Kajin da Alhaji ya zo ɗauka lafiyarsu ƙalau, ba su haɗa ɗaki da waɗancan ba. Har yanzu babu wanda ya rufe mana gona. A loda masa ya tafi, sannan Malam ya kira maigidansa. Ba mu yi ƙarya ba, ba mu karya doka ba. In ba haka ba da me za mu tashi?"

Maganarsa ba ta mahaukaci ba ce. Na ga gonaki da dama da suka yi hakan, wasu ma ba sa kiran mu sam sai sun gama kwashewa. Na buɗe baki zan yi magana, Hajiya ta ɗaga mini hannu. Ta juyo ta ce, "Malam Habu, kazar da ta ɗauki cutar yau, dole a gani a jikinta yau?"

Na ce, "A'a. Tana iya yini tana cin abinci da ita a jiki."

Ta ce, "To, an gama. Bukar, je ka ba Alhaji haƙuri. Ka faɗa masa dalili, kada ka ɓoye. Ka ce kafin ya tafi a fesa wa tayoyin motarsa magani."

Bukar ya ce mata wata magana da Barbarci, ta amsa masa a taƙaice. Ban ji me suka ce ba, amma ya juya ya nufi ƙofa. Ɗan kasuwan ya yi ta faɗa, ya ce an sa shi ya ƙona mai a banza, abokan cinikinsa na can suna jira. Daga baya ya ja motarsa ya tafi da kwandunansa yadda ya zo da su.

Na kira likitan shiyya. Ya ce, "Ka tabbata ba abin da ya fita?" Na ce, "Ranka ya daɗe, mai gonar ce da kanta ta hana." Ya ce yana tafe.

Kafin ya iso, Hajiya ta ɗauki waya. Ta kira masu kiwon kajin da ke kusa da ita ɗaya bayan ɗaya, har da wanda kowa ya san ba sa ga maciji saboda rububin kasuwa. Abu ɗaya take faɗa wa kowa: ana zargin cuta a gonata, ka rufe ƙofarka, kada ka karɓi kiret ɗin ƙwai daga kasuwa. Ta kira dillalan ƙwanta ta ce kada su zo. Muryarta ba ta canja ba.

Sakamako ya dawo kamar yadda muka zata. Ranar da aka yi aikin hallakawa, likita ya ce mata ba dole ta tsaya ba. Ta tsaya har aka rufe rami. Ma'aikatanta wasu suna hawaye. Bukar ya fara cewa ai mai kula da ɗakin ƙarshe ne ya yi sakaci, a sallame shi. Ta ce, "Ba wanda za a sallama. Mu fara sanin ta ina ta shigo."

Tare muka bi sawu. Ba a iya rantsuwa a irin wannan, amma abin da ya fi kama hankali shi ne kiret-kiret ɗin takarda da dillalai ke dawowa da su daga kasuwa. A jikin ɗakin ƙarshe ake jibge su. Hajiya ta ce, "Ni na ce a riƙa karɓar su, don a rage kashe kuɗi."

A watannin da gonar ta yi a rufe, kusan kowane mako sai ta zo ofishinmu, ta zauna a benci kamar kowa, tana tambayar yadda manyan gonaki ke kare kansu. Da aka ba ta izinin buɗewa, da ɗaki ɗaya ta fara. Ta sa an haƙa kwarmin ruwan magani a ƙofa, duk abin hawa sai ya bi ta ciki. Ta gina rumfar sayar da ƙwai a wajen katanga. Ni kaina da na je, sai da mai gadi ya sa na canja takalmi. Ta ɗauki shekaru kafin ta koma yadda take, kuma wasu dillalanta ba su dawo ba har yau. Amma maƙwabtan da ta kira a waya, babu wanda cutar ta shiga gonarsa a wannan karon, kuma da ta tashi neman 'yan tsaki da abinci, ƙofofi da yawa sun buɗe mata.

Abin da na koya shi ne, ba a gane mai nasara a ranar da kasuwa ta yi kyau, don ranar kowa gwani ne. Waɗanda na ga sun daɗe a sana'ar nan, maza da mata, suna zaga dukiyarsu da idonsu, suna son a kawo musu mummunan labari tun yana ɗanye, kuma in sun yanke shawara ba sa komawa suna taunarta. Ku masu shirin shiga wannan aiki namu, da za ku riƙa kai wa mutane irin wannan labari, ku faɗe shi yadda yake, sannan ku yi shiru ku saurari tambayar farko da mutum zai yi muku. Wani zai ce wa ya jawo mini. Wani zai ce yanzu me ya kamata a yi. Na biyun nan, ko gonarsa ta koma fili, ku riƙe lambarsa, za ku sake yi masa aiki.