Rakiyar Goggo Hamsatou

Goggo Hamsatou yayar babanmu ce. Tana ƙarama aka kawo ta Kwatano daga Sakkwato, a Zongo ta girma, a nan take sayar da atamfa har yau. Amma ba da atamfa aka fi saninta ba, da rakiya ne. In yarinya za ta sito ɗauko kaya wajen wani attajiri, Goggo za ta yafa mayafi ta bi ta, ta zauna a bakin ƙofa tana jan carbi. Zamanta ya isa.

Bara yayata Chérifa, wadda ke karatu a jami'a, ta samu damar gabatar da bincikenta a wani taron masana da aka yi a otal. Da ƙyar Baba ya yarda, ya ce in ya ji wata magana maras daɗi, karatun ma ya ƙare.

Ran farko ta dawo ba walwala. Wani farfesa baƙo, wanda zai shugabanci zamansu, ya riƙe mata hannu ya ƙi saki. Ya ce gobe bayan azahar ta same shi a ɗakinsa su duba aikin, ita kaɗai. In ta ƙi, yana iya kushe ta gaban jama'a. In Baba ya ji, shi ke nan.

Ɗakin Goggo ta shiga tana kuka.

"Baƙo ne?" in ji Goggo.

"Baƙo ne, Goggo."

"To share hawayenki. Yaushe aka fara gaida baƙo hannu rabbana a Zongo?"

Washegari muka hau zemijan, wato baburan haya, muka raka Chérifa, ni da Goggo da ƙawayenta biyu, kowacce da kwano a cinya: tuwon shinkafa, miyar taushe, soyayyen kifi. Chérifa ta ƙwanƙwasa. Ya buɗe da singileti, yana ƙamshin turare, sai ya ga mata biyar.

"Sannu da zuwa, Malam!" Goggo ta ce, ta wuce ciki. "Iyayenta ne mu. Ku duba aikinku, mu ba mu jin Faransanci."

Tsaye ya duba shi, yana zufa, ya ce babu gyara.

Na ɗauka an gama. A'a. Goggo ta ce a kai ta wajen mai taron. Wata Madam ce mai furfura. Chérifa ta faɗi abin da ya faru da bakinta.

"Tawa tana da goggo," in ji Goggo. "Waɗanda suka zo daga nesa fa, wa zai raka su?"

Madam ta ce ba Chérifa ce ta farko ba, ita ce dai ta fara faɗi. Aka sauya shugaban zaman, aka kuma sanar cewa duk ganawa da ɗalibi a zaure za a yi ta.

Da yamma Goggo da kanta ta zayyana wa Baba komai. Ina bayan labule ina saurare.

"Gobe ƙarfe nawa za ta yi jawabin?" in ji Baba.

Da sabuwar shadda ya je, ya zauna kusa da Goggo. Har yanzu tana mitar kwanonta ɗaya da ya maƙale a ɗakin farfesa.